Wace lamba ce ta jakar tafiya ta yadi a jadawalin kwastan?

Alhaji, na ga saƙonka da hotunan da ka haɗo da su, kuma na ga ya fi kyau in ba ka amsa a rubuce inda wasu ma za su karanta, domin ba kai kaɗai ne wannan al'amari ya shige wa duhu ba. Ga abin da na fahimta daga bayaninka. Ka daɗe kana saro jakunkuna a Kano kana kasawa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis da sauran kasuwannin ƙasar Gumel, yanzu kuma ku huɗu kun haɗa jari kuna so ku yi odar kayanku kai tsaye daga ƙasar Sin kafin bukukuwan kaka. Kayan iri huɗu ne: doguwar jakar tafiya ta yadi mai zif da maratayi, saitin akwatunan lefe masu taya waɗanda aka lulluɓe da yadi, jakar goyo ta 'yan makaranta, da kuma Gana-mos-go. Mai kamfanin can ya rubuta lamba 4202.92 a takardar farashi, shi kuwa ejan ɗin fito da aka haɗa ku da shi ya ce a canza a sa 6305 ko 6307, tunda a cewarsa ai yadi ne, kuma fiton zai fi sauƙi. Kana son sanin wanda ke da gaskiya a cikinsu.

A kan doguwar jakar nan mai kamfani ne ke da gaskiya, lambarta 4202.92 ce. Akwatunan lefe kuwa ba nan suke ba, suna 4202.12. Shawarar ejan ba ta da tushe a jadawali, kuma akwai wata matsala da ta fi ta kuɗin fito girma wadda ina zaton ita yake kewaya wa bai faɗa muku ba. Zan zo kanta, amma sai na fara da yadda ake gano lambar, domin idan ka fahimci hanyar ba wanda zai sake ruɗa ka a kan wata jaka daban.

Lambobin nan ba Najeriya ce ta ƙirƙire su ba. Ƙungiyar Kwastan ta Duniya, mai hedkwata a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, ita ce ke kula da tsarin lambobin kaya da ake kira HS, wanda ya fara aiki a 1988, ake kuma yi masa gyara lokaci zuwa lokaci. Bugun da ake aiki da shi yanzu na 2022 ne. An raba duk abin da ake saye da sayarwa a duniya zuwa sassa 21, kowane sashe da babobinsa, kowane babi da kanunsa. Alƙaluma biyu na farko su ne babi, huɗu su ne kanu, shida kuma su ne ƙaramin kanu, kuma waɗannan shida iri ɗaya ne ko a Guangzhou ko a Apapa. Ƙasashen ECOWAS sun ƙara huɗu a kai suka zama goma, a jadawalin bai-ɗaya da ya fara aiki a 2015, kuma da waɗannan goma ake cike takardun fito a Najeriya. Tare da jadawalin akwai ƙa'idoji shida na fassara shi, ta farko kuwa, wadda ita ce uwar sauran, ta ce sunan babi ko na sashe jagora ne kawai, hukunci yana ga lafazin kanu da bayanan da aka rubuta a farkon kowane sashe da babi.

Da wannan ƙa'ida kaɗai maganar ejan ta faɗi. Gaskiya ne yadi da kayan da aka ɗinka da shi suna sashe na 11, wato daga babi na 50 zuwa na 63, kuma mai kallon jakar da ido zai ce ai ɗinki ne kamar labule ko zanen gado. Amma a bayanin farko na wannan sashe an jera abubuwan da ba sa cikinsa, a cikinsu kuma an ambaci kayan yadi da suka faɗa kanu 42.01 ko 42.02 ƙarara. Ma'ana, masu tsara jadawalin sun san za a yi wannan gardama, suka rufe ƙofar tun da wuri. Babi na 42 sunansa ya fara da kayan fata, shi ya sa mutane ke zaton jakar da ba ta fata ba ba ta da wuri a ciki, alhali a nan aka tara kayan tafiya da jakunkuna, ko na fata ne ko ba na fata ba.

Kanu 42.02 dogon zance ne guda wanda aka raba biyu, kuma rabon yana da amfani. Rabin farko ya lissafa manyan akwatuna da akwatunan tafiya da kit na kayan kwalliya da jakar takardu ta ma'aikata da jakar littattafai ta makaranta da gidan tabarau da gidan kyamara da makamantansu, kuma bai ƙayyade abin da za a yi su da shi ba. Saboda haka akwatin ƙarfen nan da ake saya wa yaro in zai tafi makarantar kwana, da adakar katako ta tsofaffi, duk a nan suke. Rabi na biyu ya lissafa jakar tafiya da jakar goyo da jakar hannu da jakar cefane da alabe da jakar kayan wasanni da jakar kayan aiki da sauransu, amma ya sa sharaɗin cewa sai sun kasance na fata, ko na shimfiɗar roba, ko na yadi, ko na kwali da danginsa, ko kuma an lulluɓe su da ɗaya daga cikin waɗannan. Jakar tafiya ta yadi ta cika sunan, ta kuma cika sharaɗin, don haka ba a bukatar zuwa ko'ina neman mata wuri.

A ƙarƙashin kanun akwai gidaje huɗu, kuma ana shiga gida ne da siffar abu da aikinsa kafin a dubi abin da aka yi shi da shi. Gidan da ya fara da 4202.1 na akwatuna ne da jakar takardu da ta littattafai. Na 4202.2 na jakar hannu ce irin ta mata, ko da maratayi ko babu. Na 4202.3 na ƙananan abubuwa ne da ake sawa a aljihu ko a cikin jakar hannu, kamar alabe da gidan makulli. Na 4202.9 shi ne na saura, kuma a nan jakar tafiya da jakar goyo da jakar cefane suke. Alƙalami na shida shi ke nuna abin da ke bayan jakar: 1 fata, 2 roba ko yadi, 9 wani abu daban. Da haka doguwar jakarka ta zama 4202.92, akwatunan lefe masu bayan yadi suka zama 4202.12, kit ɗin da ke zuwa a cikin saitin shi ma 4202.12, akwatin ƙarfe kuma 4202.19.

Inda ake samun saɓani na gaske shi ne tsakanin akwati da jaka, domin masu ƙira sun daɗe da cakuɗa su. A hotonka na biyu na ga akwati sosai: yana da firam a ciki da ke riƙe siffarsa ko babu komai a cikinsa, yana buɗewa gida biyu kamar littafi, yana da taya da mariƙin ƙarfe da ake zarowa. Wannan akwati ne ko da yadi ne a bayansa. Doguwar jakar kuwa idan ka zazzage kayan ciki sai ta kwanta, kana iya naɗe ta ka sa a hammata, kuma zif ɗinta a sama yake, ta nan ake cusa kaya. A ganina taya biyu da aka liƙa wa irin wannan jaka a gindi ba sa mayar da ita akwati, amma idan aka ƙara mata katako ko roba mai tauri a ƙasa da gefe har ta tsaya da kanta, to jami'in da ya ce akwati ce yana da abin kafa hujja. Haka zancen yake ga jakar makaranta. Mai taurin nan mai kusurwa huɗu da murfi, wadda aka yi domin littattafai, tana 4202.12, mai laushi ta goyo mai maratayi biyu wadda ɗalibi zai ɗauka yau, gobe mai zuwa ci-rani ya zuba tufafinsa a ciki, tana 4202.92. Taka ta hoto na uku irin ta biyun ce.

Sai maganar bayan jaka, wadda ita ce ta taɓa kunyata ni ina sabon shiga wannan aiki na fito. Abin da ake dubawa shi ne fuskar waje, wadda ido ke gani hannu ke taɓawa. Shafin ciki ba ya cikin lissafi, haka soson da aka cusa a tsakiya, haka robar da aka shafa wa yadi ta ciki domin kada ruwa ya shiga. Wani mai kaya ya taɓa kawo mini takardar da aka rubuta cewa jakunkunansa na fata ne, ni kuma ban nemi samfur ba na sa lambar fata. Ranar duba kaya jami'in ya ɗauki jaka ɗaya ya juya maratayinta ta inda aka yanke, ya sa farce ya ɓanɓaro, sai ga wata siririyar roba ta rabu da farin yadi a ƙarƙashinta. Bai ce mini komai ba, miƙo mini kawai ya yi. Abin da kamfanoni ke kira fatar PU ko ta PVC ba fata ba ce a wurin kwastan, roba ce a kan yadi, kuma lambarta tana ƙarewa da 2. Mu Hausawa ma harshenmu ya riga ya warware wannan, tunda mun ɗauki kalmar Turawa ta fata muka mayar da ita leda, muka bar wa kirgi da fatar akuya sunansu. Idan kana magana da ejan, ka rarrabe masa jakar leda da jakar fata kamar yadda kake rarrabe wa mai saye a rumfa.

Idan bayan jakar haɗin gambiza ne, misali jikin yadi ne amma kusurwoyi da mariƙi na fata ne na gaske, ƙa'ida ta uku ta ce a bi abin da ya ba jakar asalin kamanninta. Yawanci wanda ya fi mamaye fuskar ne, don haka 'yan facin fata a kusurwa ba sa fitar da jakar yadi daga 4202.92. Idan kuwa an rasa wanda ya rinjayi wani, ƙa'idar ta ce a ɗauki lambar da ta zo daga baya a jeri, wato tsakanin 91 da 92 a ɗauki 92.

Ka lura cewa a matakin alƙaluma shida ba a raba auduga da nailan ko foliyesta ba, ba a ma raba yadi da roba ba. Wasu ƙasashe suna rabawa a nasu ƙarin alƙaluman. A Amurka, alal misali, asalin kuɗin fiton jakar tafiya mai bayan auduga kashi 6.3 ne cikin ɗari, mai bayan zaren roba kuma kashi 17.6, shi ya sa za ka ga kamfanonin Sin suna cika takarda da bayanin irin zare. Darasin da ke ciki a gare ka shi ne kada a kwafi doguwar lambar da ke kan takardar mai kamfani a zuba a fom ɗin Najeriya. Shida na farko ne naku tare, abin da ya biyo baya nasu ne na can, huɗun ƙarshe na nan kuma sai an buɗe jadawalin ECOWAS da ake aiki da shi a lokacin an ɗauko.

Gana-mos-go ita ce ta fi ba da aiki a cikin kayanka, kuma ita ce kaɗai inda maganar ejan ke da ɗan kama da gaskiya. An saƙa ta ne da siraran zirin roba, irin wanda ake saƙa buhun taki da na masara da shi, kuma buhunan zuba kaya na irin wannan saƙa lallai suna da lambarsu a 63.05. To amma 63.05 na buhun da ake ɗura haja a ciki ne domin jigila ko ajiya ko sayarwa, wanda ake ɗinke bakinsa ko a ɗaure, kamar buhun algarara na gyaɗa ko buhun riɗi da ake lodi a Maigatari. Gana-mos-go kuwa tana da zif, tana da hannu biyu da aka ɗinka suka zagaye jikinta, tana da gindi mai kusurwa huɗu, kuma an yi ta ne domin mutum ya zuba kayansa ya ɗauka ya hau mota, ya dawo ya sake amfani da ita. Sunanta ma daga tafiya ya samo asali, tun korar baƙin haure ta 1983 a zamanin Shugaba Shehu Shagari, lokacin da 'yan Gana suka yi ta ɗura kayansu a cikinta. Wannan aikin jakar tafiya ne ko ta cefane, don haka gidanta 42.02 ne.

Akwai wani awo da ya kamata ka yi da hannunka kafin ka tsayar da lambarta. Ka zaro zirin roba guda daga bakin ɗinki ka ɗora a kan rula. Idan faɗinsa bai wuce milimita 5 ba, jadawali yana ɗaukarsa a matsayin zare, abin da aka saƙa da shi kuma yadi ne, jakar ta zama 4202.92. Idan ya wuce milimita 5, ya fita daga sahun yadi ya koma sahun kayan saƙa irin na kaba da geza, kuma bayanin babi na 42 ya tura irin waɗannan zuwa 46.02, inda kwando da jakar kaba suke. Duk waɗanda na taɓa aunawa ba su kai biyar ba, amma awon ba ya cin minti ɗaya. Idan kuma an lulluɓe saƙar da leda mai sheƙi ta waje, kamar masu hoton furanni da ake yayi yanzu, bayanta ya zama shimfiɗar roba, lambar dai ba ta canza ba, tana nan a 4202.92. Ledar cefane ta shago wadda ake yarwa bayan an isa gida ita ce aka cire aka kai 39.23, domin ba a yi ta don ta daɗe ba.

Lamba 63.07 kuwa ba ta bukatar dogon zance, domin wuri ne na kayan ɗinki da suka rasa suna a ko'ina, jakar tafiya kuma an kira sunanta a 42.02. Haka nan jakunkunan gwanjo ba sa bin tufafin gwanjo zuwa 63.09, ko da a dila ɗaya aka matse su. Tsohuwar jaka jaka ce.

Game da kuɗi, jadawalin ECOWAS yana da matakai biyar: sifiri, kashi 5, kashi 10, kashi 20 da kashi 35 cikin ɗari. Kayan da aka gama ƙerawa domin mai amfani na ƙarshe suna matakin kashi 20, kuma a nan jakunkunan da aka gama ɗinkawa suke. Ana lissafin ne a kan kuɗin kaya haɗe da kuɗin jirgi da na inshora, a canjin dalar da kwastan ke amfani da shi a ranar. Don misali kawai, idan waɗannan uku suka tashi naira miliyan 10, fito zai zama miliyan 2, sannan harajin VAT na kashi 7.5 ya hau kan jimillar, wato kusan naira dubu 900, ban da ƙananan haraje-haraje da kuɗin tasha da na kamfanin jirgi.

Amma wannan lissafi ba shi ne damuwarka ta farko ba. Najeriya tana da jerin kayan da ta hana shigowa da su domin kare masana'antun gida, kuma wannan jeri ya shafe shekaru da yawa yana ɗauke da layin da ya ce duk nau'in takalma da jakunkuna da akwatuna, aka kuma rubuta lambobin 42.02 tun daga akwatuna har zuwa 4202.99. Abin da aka keɓe a layin shi ne takalman kariya na ma'aikatan mai da takalman wasanni da kambas, da kuma kayan da aka shigo da su a wargaje domin a harhaɗa a nan, waɗanda ake kira CKD. Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ce ke sabunta jerin ta hanyar takardar manufofin haraji, Hukumar Kwastan kuma ta aiwatar, saboda haka aikinku na farko, kafin ko sisi ya bar hannunku, shi ne ku sa a buɗe muku jerin da ke aiki a yau ku karanta layin jakunkuna da idonku. Na san za ka ce ai kasuwannin Kano cike suke da jakar Sin. Haka ne, ni ma ina gani, amma ganin kaya a kasuwa ba ya nuna ta ƙofar da suka shigo, ba ya kuma nuna kwantena nawa aka rasa kafin waɗannan su iso.

A nan ne nake zargin shawarar ejan. Wanda ya ce a kira jakar tafiya buhu, ba ragin kuɗin fito yake nema muku ba, so yake takarda ta wuce ba tare da ta taɓa lambar da aka sa wa ido ba. Hanyar fito kuwa tana da matakai da ƙarya ba ta cika tsallake su duka ba. Za a buɗe Fom M, wato takardar shigo da kaya, ta banki da lambar da bayanin kaya, kwastan su fitar da rahoton PAAR, wato na kimanta kaya kafin su iso, a kan takardun da aka ba su, ejan ya shigar da sanarwar kaya da sunanka, a biya, sannan a zo duba kaya, ko a Legas ko a tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki idan can aka nufa da kwantenar. Na taɓa tsayawa a gefe ana buɗe wata kwantena da takardarta ta ce buhunan zuba hatsi ne. Layi biyu na bakin ƙofa buhuna ne da gaske, amma da aka sa lebura suka shiga ciki suka jawo kwali na tsakiya, sai jami'in ya farke shi ya zaro jaka baƙa, ya zuge zif ɗinta, ya rataya a kafaɗa, ya dubi ejan ɗin ya tambaye shi mudu nawa na gero take ci. Kowa ya yi dariya ban da mai kayan. Idan kuskuren lamba ne kawai a kan halattattun kaya, abin da ke biyo baya takardar neman cikon kuɗi ce da tara da kwanakin da kuɗin ajiya ke hawa. Idan kuwa kayan da aka hana ne aka sauya wa suna, dokar Hukumar Kwastan ta 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar da aka gada tun 1958, ta ba da ikon kama su a mallaka wa gwamnati, kuma sunan da ke kan takardun naka ne. Ejan ya riga ya karɓi ladansa, jarin mutum huɗu ne zai nutse.

Tunda kana zaune a bakin iyaka, na san wani zai ce muku a sauke kayan a Kwatano a biyo da su ta Nijar a shigo ta Maigatari. Hanyar da kaya suka biyo ba ta canza lambarsu, ba ta kuma canza asalinsu. Rangwamen cinikin da ke tsakanin ƙasashen ECOWAS na kayan da aka noma ko aka ƙera a cikin yankin ne, masu takardar shaidar asali, jakar da aka ɗinka a Sin kuwa ta Sin ce ko ta kwana a Damagaram. Ga shi kuma Nijar ɗin ta fice daga ƙungiyar tun watan Janairun 2025. Haka nan kada a haɗa wannan da jaka biyu ko uku da alhaji ke dawowa da su da kayansa a ciki ta filin jirgin Malam Aminu Kano. Kayan matafiyi hukuncinsu daban, dozin hamsin iri ɗaya a cikin ledarsu kuwa haja ce.

Ƙofar CKD ma tana bukatar hattara. Ƙa'ida ta biyu ta ce abin da aka kawo a wargaje, ko wanda bai ƙarasa ba amma ya riga ya ɗauki kamannin cikakken, ana ba shi lambar cikakken. Saboda haka cire taya da mariƙi daga akwati a zuba su a wani kwali ba ya fitar da shi daga 42.02, kuma keɓewar da aka yi an yi ta ne domin masu masana'antar harhaɗawa, waɗanda za su iya nuna wurin aikinsu da takardunsu. Abin da na fi ganin ya dace da mai jari irin naku shi ne ku dubi kayan haɗin. Yadin foliyesta a bandir yana 54.07, wanda aka shafa wa robar da ido ke gani yana 59.03, zif yana 96.07, ɗamarar da ake yin maratayi da ita tana 58.06, ƙugiyoyi da maɗaurai na ƙarfe suna 83.08, ƙananan tayoyi masu gindin ƙarfe kuma suna 83.02. Kowanne da nasa kuɗin fito da sharuɗɗan da za a duba, amma ba jaka ba ne. Doguwar jakar nan ta hotonka na farko ba ta fi ƙarfin maɗinkan jaka na Ƙofar Wambai ba, kuma na ga yara a garuruwanmu da keken ɗinki mai ƙarfi suna fitar da jakar makaranta da ba ta da makusa. Akwatin lefe mai firam ne dai ɗinkinsa ke son injin da ba kowa ke da shi ba.

Idan bayan duk wannan akwai samfurin da kuke shakka a kansa, kamar jakar nan mai taya da ke tsakanin akwati da jaka, akwai hanyar da ba ta bukatar ka dogara da bakin kowa. Tun 2024 Hukumar Kwastan ta buɗe tsarin yanke hukunci tun kafin a shigo da kaya, inda mai kaya ke nema a rubuce a gaya masa lambar hajarsa, hukumar ta amsa a rubuce, amsar kuma ta zama abin riƙo a tasha muddin kayan da suka iso su ne waɗanda aka bayyana. Ku sa mai kamfani ya aiko da guda ɗaya na kowane iri tare da takardar da ta faɗi irin yadin waje da na shafi, da tsawo da faɗi da zurfi, da ko akwai firam a ciki, ku kuma ɗauki hoton kowace jaka a cike da kuma a zazzage, ciki da waje. A takardar jerin kaya kada a yarda a rubuta jakunkuna kawai a dunƙule. A rubuta kowane iri a layinsa da adadinsa da farashinsa, saitin lefe ma a faɗi guda nawa ne a ciki da girman kowanne. Kafin samfuran su iso, ɗaya daga cikinku ya shiga Kano ya je ofishin kwastan na shiyyar Kano da Jigawa da ke Bompai, ya nemi sashen da ke kula da jadawali, ya tambayi matsayin lamba 4202.92 da 4202.12 a jerin kayan da aka hana, ya kuma tafi da Gana-mos-go ɗaya da rula a aljihu.